Alluna Biyu a Gonar Dankalin Malam Nasidi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Maris, 1995, aka aiko mini daga unguwar Limancin Kona cewa Malam Nasidi, malamin gona, ya cika. Malam, ka tafi alhali takardun ofishinmu suna kiranka maƙaryaci. Wannan ne ya hana ni yin shiru.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe maka sikeli. Kai ne mutumin da ba ya tambayar buhu nawa gona ta bayar sai ya tambayi me ta ci. Ka raba gonar gwaji ta bayan Ƙofar Galadima gida biyu, ɗaya takin gida, ɗaya takin zamani, duka dankali. Mangala nawa jaki ya ɗauko daga turakun cikin birni, man fetur nawa mota ta sha kafin buhun taki ya iso, kwana nawa mutum ya yi a duƙe, duk sai ka auna. Muna yi maka tsiya muna cewa saura numfashin jakin. Sai ka ce, "Shehu, da da sikelinsa ai da na auna."

Damina shida amsar ba ta canja ba: takin gida ya fi mayar da ƙarfin da aka zuba masa, kuma ƙasar ba ta gajiya. Duk kaka kuwa, dankalin gwajin gidajen da suka ba ka taki kake rarraba wa, ko ɗaya ba ya shiga gidanka.

Sai shekarar 1988, da manya za su zo duba gona, ofis kuma yana son a yabi takin zamani. Ɗahiru, wanda kai ka nema wa aikin, wanda ya shekara uku yana cin tuwon Hajiya Maimuna matarka, shi ya je da sassafe ya musanya alluna biyun da ke nuna irin takin kowane ɓangare. Baƙi suka tsaya gaban kunyoyin takin gida suna tafa wa takin zamani. Ka ce an sauya alluna, aka ce tsufa ne da taurin kai. Aka mayar da kai sito kana ƙirga garma, shi kuwa aka ba shi kujerarka. Haba Ɗahiru! Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Manoma suka gaskata allo, suka daina ɗibar takin gida, ga shi yanzu na zamanin ya yi wuya, gonakin sun zama fako.

Amma ba Ɗahiru kaɗai ya ci amanarka ba. Na riga kowa zuwa gonar ran nan, na gan shi da guduma a hannu. Da kwamitin da aka kafa don binciken maganar ya tambaye ni, na tuna aikina da 'ya'yana, na ce ban ga komai ba. Ka dube ni sau ɗaya, ba ka ƙara tayar da maganar ba, kuma ba ka fasa zuwa sunan ɗana ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Hajiya Maimuna da Ramatu da Ƙasimu haƙurin wannan rashi. Ku kuma 'ya'yansa, duk wanda ya ce muku mahaifinku ya yi ƙarya, ku turo shi gidana a Ƙofar Doka. Ni Shehu Jumare na gani da idona, kuma ni ne na yi ƙaryar.