Littafin Noman Tumatir da Babu Shi

Ko zan mance komai na ƙuruciyata, wannan dai ya zauna daram a raina. Ya fara ne da wata farar takarda da na hango manne a ƙofar ofishin malamai, wata safiyar Litinin, ina aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makaranta da ke Kurmin Mashi. Sunaye bakwai ne a jiki, nawa na uku. An ce mu ne muka fi kowa iya karatu, kuma malamar Hausa za ta ware mu ta riƙa yi mana darasi na musamman. A taron safe aka kira mu gaba aka tafa mana. Ni da ban taɓa cin ko fensir a makaranta ba, ranar ji na yi kamar ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa.

Abin da ba su sani ba shi ne inda na koyi saurin karatun. Littattafan soyayya ne, waɗanda yayata ke arowa ta lulluɓe da takardar jarida don kada Baba ya gane. Na haɗiye su har ba iyaka. A lokacin duk saurayin da ya wuce ta layinmu a Unguwar Shanu da farar shadda, sai na tsara masa labari a zuci, har da sunan 'ya'yan da zai haifa.

Malama ta kafa doka: kowane mako littafi ɗaya wanda ba na aji ba, ranar Juma'a a kawo taƙaitaccen bayaninsa a rubuce. Wanda ya yi fashi sau biyu an cire shi. Ta dube mu ta saman tabarau ta ƙara da cewa, “Ban da na soyayya. Na ilimi nake so. Ku gaya wa iyayenku su saya muku.”

Baba yana gyaran keken ɗinki ne a Babbar Kasuwa. Da na kai masa saƙon, ko ɗago kai bai yi daga kwanon tuwo ba. “Na sayi na aji, har da wanda ba a taɓa buɗewa ba. Su da suka ƙirƙiro wannan, su kawo littafin. Makaranta ba ta da ɗakin karatu ne?” Da na koma wa Malama da tambayar, ta ce 'yan littattafan da ke can na 'yan ajin ƙarshe ne masu shirin jarrabawa, ba a ba ƙanana. Haka na tsaya a tsakiya, kowa na nuna ɗan'uwansa.

Kunya ta hana ni cewa ba ni da littafi, tsoron a goge sunana kuma ya hana ni sakat. Ranar Alhamis da la'asar na zauna a bakin rijiyar gidanmu da biro, sai wata dabara ta faɗo mini. Tunda bayanin littafi ake so, ai ba dole sai da littafin ba. Na ƙirƙiri suna, na ƙirƙiri marubuci, na cika shafi biyu a kan tarihin wani masaƙi. Malama ta rubuta “Da kyau” da jan biro. Mako na biyu na yi na tsaftar ruwan sha. Na uku kuwa, da na ga hanya ta buɗe, sai na saki jiki na yi na noman tumatir.

Nan ne hali ya yi halinsa. Na fara da iri da taki kamar abin kirki, amma kafin sakin layi na uku wani malamin gona ya iso wani ƙauye a farar mota, dogo, mai siririn gashin baki da ƙamshin turare. Ya tarar da 'yar wani manomi tana ban ruwa, idanunta dara-dara, zara-zaran gashin idonta na kaɗawa. Tumatir dai ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai a layin ƙarshe.

Litinin Malama ta kira ni. “Kawo mini littafin nan na tumatir gobe, ina so sauran su karanta.” Na ce gwaggota ta ara ta tafi da shi Katsina. Ta ce na masaƙin fa? Na ce shi ma yana Katsina. Ta cire tabarau ta ce, “Wannan gwaggo taki akwai son ilimi. Gobe ki zo da Babanki.”

Baba ya zo da rigarsa mai tabon man keke. Malama ta karanta masa bayanin tumatir da ƙarfi, gaban malamai huɗu, ni kuwa ina tsugune ina roƙon ƙasa ta tsage. Da ta kai ƙarshe sai Baba ya gyara zama ya ce, “To, Malama, a ƙarshe ya aure ta?” Wani malamin lissafi sai da ya fita waje don dariya.

Malama ta daure fuska. “Malam, 'yarka ta yi ƙarya har sau uku. Doka ta ce in cire ta.”

“Ƙarya kam ta yi, ba zan kare ta ba,” in ji Baba. “Amma kin aike ta rijiya ba guga.”

“Guga ai uba ke saya.”

“Wanda ya yi aike shi ke ba da guga, ranki ya daɗe. Littafi sha biyu a zango ɗaya, ina zan kai?”

Sun jima suna wannan ja-in-ja. Daga bisani Baba ya ce a layinsu na kasuwa ba kowa ke da kowane irin kayan gyara ba, kowa ya mallaki ɗaya ne ana karɓa-karɓa. Yara bakwai, kowane uba ya sayo littafi ɗaya wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, makaranta ma ta fito da bakwai, a riƙa zagayawa kamar adashi. Malama ta ce za ta je wurin shugabar makaranta, in an hana ta za ta kwaso na gidanta. Ni kuma hukuncina shi ne dakatarwar mako biyu, da tsayawa gaban sauran shidan in faɗi abin da na yi da bakina. Na yi, da hawaye shaɓe-shaɓe, amma sunana bai bar takardar ba.

A hanyar gida, muna sauka daga keke napep sai Baba ya juyo gare ni. “Da kin ce mata ba ki da shi tun ranar farko, da ban rufe shago ba yau.”

Na ɗauki darasi biyu, kuma yanzu da nake da yara a makaranta nake ƙara ganin nauyinsu: faɗin “ba ni da shi” ya fi ƙarya sauƙin ɗauka, kuma duk wanda zai ɗora wa yaro kaya, ya fara nema masa gammo.

Malama ta yi ritaya tuntuni. Bara na kai mata gaisuwa, na tarar ta mai da zauren gidanta wurin aron littattafai, buhu-buhu, kyauta ga yaran unguwa. Idanunta sun yi rauni, ba ta iya karatu da kanta. Sharaɗinta ɗaya ne: duk wanda ya dawo da littafi sai ya zauna ya karanta mata shafi biyu da ƙarfi kafin ya ɗauki wani. Na bar ta wata 'yar yarinya na karanta mata, tana lumshe ido tana cewa, “A hankali, 'yar nan, ba kora ake ba.”