Ranar da Ƙofar Shagona Ta Ƙi Yatsana

Ni tela ce, 'yar kudancin Kaduna, kuma a lokacin da abin nan ya faru ina ganin babu wadda ta kama ƙafata a ɗinkin rigar amarya daga unguwar Barnawa har unguwar Television a garin Kaduna. Na yi suna, ba zan ɓoye ba, sunan kuma ya ɗan hau mini kai. Abu ɗaya ne ke ci mini rai a shagona na Barnawa, wato makulli. Yau wannan ma'aikaciya ta ɓatar, gobe waccan ta manta da shi a gida, ni kuwa ina ta sauya kwaɗo kamar mai sauya ɗankwali.

A shekarun da aka fara zaɓe da na'urar dangwala yatsa ne wani mai sayar da kayan tsaro ya zo ya nuna mini ƙofar da ba ta son makulli. Ya ce akwai mai lambobi, akwai mai kati, akwai ta yatsa. Ban ko bari ya gama ba na ce ta yatsa nake so. Ranar da aka saka ta, wayyo daɗi! Na ɗora babban yatsana, ta yi ɗan kuka, koren haske ya kama, ƙofar ƙarfe ta buɗe. Na rufe na sake buɗewa, na kira maƙwabta su zo kallo, har mai sayar da burodi sai da na nuna masa. Mai kayan tsaron ya ce in ƙara da yatsan wani amintacce, ko ɗaya daga cikin sauran yatsuna. Na ce masa ai don in huta da amintattu na saye ta, wannan yatsa ɗaya ya isa. Ya ba ni ɗan makullin ko-ta-kwana, na jefa shi a aljihun keken ɗinkina, a cikin shagon.

Ana cikin haka shugabar zumuntar matan cocinmu, wadda kowa ke kira Mama, ta kawo mini aikin rigar auren 'yar autarta. Na zuba duk basirata a rigar nan. Amarya ta gwada, ta juya gaban madubi, ta fashe da kukan murna. Muka yi da su zan kai musu ita gidansu a unguwar Narayi da safiyar Asabar, bayan na yi mata guga ta ƙarshe. Sai na rataye ta, na sallami ma'aikata, na tafi ƙauye, domin lokacin haƙar citta ne, kuma a gidanmu ko wace ce ke a birni sai kin je kin taya tsohuwa. Duk wanda ya san aikin ya san yadda ake tsaga citta kafin a shanya: wuƙa na sauka ne a kan babban yatsa. Na yi kwanaki ina yi, muna hira muna dariya, yatsan ya yi kaca-kaca, ko a jikina.

Da safiyar Asabar na iso shago cikin ankona, ina 'yar waƙa. Na ɗora yatsa, sai jan haske. Na goge shi a zani, ja. Na sa yawu, na shafa mai, na danna da ƙarfi, na danna a hankali, ja dai. Kan ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce in hura mata iska, wata ta kama addu'a da ƙarfi. Na buga wa mai kayan tsaron waya, ya ce yana Abuja, in yi amfani da makullin da ya ba ni. Da na faɗa masa inda yake, sai ya ce in nemo mai walda. Ga rigar can ina hango ta ta taga, fara fat, ga wayar Mama na shigowa ba ƙaƙƙautawa. Na ce mata ina hanya. Aka samo mai walda, babu wuta. Aka ruga neman janareta, aka jawo shi a baro, matasan layi na ihu suna ba da hanya. Da ƙofar ta faɗi, jama'a suka sa tafi kamar an ci ƙwallo. Na rungumo riga na faɗa keke mai ƙafa uku, ina ce wa direba ya tashi sama in zai iya.

Na tarar ana fitowa daga coci. Fasto ya jira har ya gaji, don akwai wani auren a bayan nasu. Amarya ta shiga ne da tsohuwar rigar yayarta, wadda ta yi mata yawa, aka tattare bayan da fil. Mama ta karɓi rigar daga hannuna, ta ce sannu da ƙoƙari 'yata, ta juya wajen baƙinta. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Don haka, 'yan uwa masu shago, ƙofar zamani ba ta da laifi, har yau irinta nake amfani da ita. Amma kafin ku zaɓa, ku dubi irin aikin da hannuwanku ke yi, ku sa yatsa fiye da ɗaya, ku yarda da mutum ko da guda, makullin ko-ta-kwana kuma ya kwana a gida. Ni na biya kuɗin sabuwar ƙofa na wuce wurin. Yarinyar nan kuwa sau ɗaya za ta yi aure, kuma hoton na nan rataye a falon Mama. Duk lokacin da na je gaisuwa, ƙasa nake kallo har in fito.