Hotunan Cikin Gida

A unguwar Zariya ta Maradi, in ana biki a gidan manyan 'yan kasuwa, Atika kaɗai ake bari ta shiga ɗakin amarya da kamara. Mata su tuɓe ɗankwali, su yi rawa son ransu, don sun san hoton ba zai wuce hannunta ba. Masifaffiya ce, ni maƙwabciyarta na fi kowa sani, amma bakinta da kamararta ba sa yoyo.

Bayan da wutar lantarki, da muke kira kuran, ta taɓa ƙona mata kwamfuta, wato ordinata, yayanta Idirisa ya saka mata wata manhaja. Duk hoton da ta zuba a kwamfutar, da kansa yake hawa intanet ya sami ma'ajiya. Abin da bai faɗa mata ba, da sunansa ya buɗe ma'ajiyar, saboda haka hotunan suna sauka har a kwamfutar shagonsa na Tsibiri.

Wata ranar kasuwa ta biya ta gaishe shi. Maza sun cika benci suna shan shayi, allon kwamfuta a buɗe, sai ga hoton da ta ɗauka na wata amarya, 'yar Hajiya Saudatu, kai ba ɗankwali, tana dariya. Atika ta ce min ji ta yi kamar ita aka tuɓe a tsakiyar kasuwa.

"Yaya, mi ya kawo wanga hoto nan?"

"Haka abin shike aiki. Babu mai kallo, ke dai kin cika fitina."

"Hidda mani su."

"In na hidda, ranar da kuran ya sake cinye ordinatarki, wa za ki kama?"

Ta juya ta fita. Ta hau kabu-kabu ta dawo gida, ta kwashe hotunan kaf zuwa wani ɗan faifai, ta goge su daga kwamfutar. Manhajar kuwa ba ta da wayo, abin da aka goge nan sai ta goge can. Idirisa na zaune ya ga hotuna suna ɓacewa a gabansa. Ya kira ta yana huci, wai faifai ɗaya ba ajiya ba ne.

"Gara su ƙone a ɗakina da a kalle su a shagonka," in ji ta.

Gaskiyarsa kuwa, abin haushi. Bara da damina faifan ya mutu, aka kai wa masu gyara, suka girgiza kai. Aikin shekaru ya tafi, har da hotunan mahaifiyarsu na ƙarshe, waɗanda ta ɗauka a Jiratawa kafin rasuwarta. Atika ta yi kuka har idonta ya kumbura, ni ma na taya ta.

Idirisa ya zo jaje da kwamfutarsa a jaka, ya ce yanzu ai ta yarda a mayar da manhajar. Ta share ido da bakin mayafi.

"Da sunana, a ɗakina, in kuma ba haka ba ka koma da abinka."