Likitar da Ta Hana a Zubar da Kakin Asibiti

Kafin masu shara su gama goge baranda, Mai Madubi ta riga ta rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta zura farar riga, ta ja kujera gaban madubin gwaji. Sunan da ma'aikata suka laƙaba mata ke nan, har na yanka ya ɓace. Ita likita ce, amma ba ta zagayen gadaje. Ɗan naman da aka yanko a ɗakin tiyata shi ake kawo mata, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka siriri kamar ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi a rina. Ita ce mai cewa wannan ƙari ciwon daji ne ko a'a. Shekara talatin da ɗoriya tana bin diddigin abin da ke lalacewa cikin ƙwayoyin gado har jiki ya juya yana cin mai shi. Makon jiya ta yi ritaya, mu kuwa abokan aikinta muka ce ba za ta sulale shiru ba.

Ba ta da gaggawa, ba ta kuma jin kunyar cewa a sake. Maigidanta kan ce, "Ko gishirin miya na ce ya ji, sai ta ce a maimaita gwaji." Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne rowar kaki. Duk dunƙulen da ta gama dubawa sai ta adana shi a wani ɗaki na ƙarshen baranda, kanta bisa kanta. Wani shugaban asibiti ya taɓa cewa a kwashe tarkacen a mayar da ɗakin ofis.

"Ranka ya daɗe, ba tarkace ba ne," in ji ta. "Abin da idona bai gani ba yau, na'urar gobe za ta gani."

Ta riƙe makullinta, aka yi ta mata dariya, ita ko a jikinta.

Goben kuwa ta zo. Wata mai ɗinki ta shigo asibiti a tsorace: sankarar mama ta ɗauke mahaifiyarta, ta dawo ta ɗauke yayarta. Aka duba ta sarai ba a ga komai ba, har za a sallame ta. Da likitan tiyata ya kawo zancen wurin shan shayi, Mai Madubi ta ajiye kofi. Ta tuna a asibitin nan aka yi wa mahaifiyar aiki shekarun baya, namanta kuwa yana cikin ɗakin kakin nan. Ta zaƙulo dunƙulen, ta ciro ƙwayoyin gadon da ke ciki, ta sa a sabuwar na'ura, sai ga lahanin ƙuru-ƙuru. Aka gwada jinin mai ɗinkin, lahani iri ɗaya. Mai Madubi ta tsaya kai da fata sai an riƙa duba matar a kai a kai. Ana cikin haka aka cafke ƙarin tun bai kai ƙwayar wake ba, aka cire shi, matar ta koma kan keken ɗinkinta lafiya lau.

Likita, ke ce kika sa mamaciya ta yi wa 'yarta gargaɗi. Gishirin ɗakin gwaji, mai ido a tsanake. Ɗaliban da kika horar sun bazu asibiti-asibiti, kowanne da ɗakin kakinsa, kowanne da taurin kai irin naki, abin har daɗi yake ba mu.

Ranar bikin sallama ɗaki ya cika maƙil, ana tafi ana shewa. Sai ga mai ɗinkin da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaida Mai Madubi, sannan ta ce, "Mama, alfarma nake nema. An ce Innata tana wurinki."

Likita ta kama hannunta suka nufi ƙarshen baranda, mu muna biye. Ta buɗe ɗakin, ta ɗauko ɗan dunƙulen, ta ɗora mata a tafin hannu. Matar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kwanto goyonta ta juyo da fuskar jaririyar.

"Gaida kakarki," ta ce.

Babu wanda idonsa bai kawo ruwa ba, har da masu dariyar da.

Mun gode, Likita. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma matasan da aka miƙa wa makullin nan, ku riƙe shi da kyau, ku ci gaba da cika ɗakin. Wata rana yarinyar nan za ta girma, ita ma za ta zo tambaya.