Ludayin Hadizatu

Matan unguwa sun ƙwace wa Hadizatu babbar tukunya ranar bikin ɗan Hashim, a gaban baƙi, don ta zuba gishiri sau biyu a miya.

Baƙo zai ce abin bai kai ya kawo ba. To a ƙauyen nan na kusa da Abu Hujar a ƙasar Sudan, Hadizatu ke dafa mulah, miyar kowane taro, tun tana amarya. Ba ta awo. Ƙamshi take shaƙa ta ce a sauke. Waɗanda ke aurar da 'ya'ya yau, da ƙanzon asidarta, wato tuwonta, suka girma. Ranar rasuwa kuwa ba a aika mata, sai dai a tarar ta hura wuta.

Sharifa, shugabar matan, ita ta zare ludayin daga hannunta. "Yaya, je ki huta. Halin gidan Garba ya motsa."

Aka yi dariya, don kowa ya san zancen. Garba, mahaifin Hadizatu, yakan bar jakinsa a kasuwa ya dawo a ƙafa. Ƙanwarsa takan gaishe ka ta juya ta sake gaishe ka. Gari ya mai da abin tsokana, wai gadon gida ne kamar wushirya. Su biyun duk shanyewar jiki ta kwantar da su daga baya, ba wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ita ma Hadizatu ta yi dariyar, ta yafa mayafinta ta tafi gida. Ba ta ƙara leƙa taro ba. In ta jiyo guɗa, sai ta hau gyaran kuɓewar da ta riga ta gyara.

'Yarta Ibtisam ce ta lura takalmin hagu yana yawan zame mata. Ta sa ta a mota sai asibitin birnin Madani, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya nuna musu ɗigo-ɗigo farare. Ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka toshe, kowane ɗigo ƙaramar shanyewa ce da ta wuce ba faɗuwa, ba karkacewar baki, mai ita ma ba ta sani ba. Ya tambaya ko akwai irin haka a dangi. Ibtisam ta ba shi labarin jakin kakanta. Bai yi dariya ba. Ya ce abin yakan bi jini, 'yan'uwan Hadizatu ma su riƙa auna hawan jini.

"Diktor, wato ba sakarci ba ne?" in ji Hadizatu.

"Ciwo ne, hajiya."

"Ashe Sharifa ya kamata in zo da ita, ba ke ba," ta ce wa 'yar.

Tana shan maganinta yanzu. Suna yakan ɓace mata, amma hancinta na nan daram. Daga tsakar gidanta take gane miyar maƙwabta ta kama.

Saboda haka, Sharifa, ki ɗauki ludayin nan ki kai mata har gida, da matan da suka yi dariya a bayanki. Wata ta riƙe gishirin, ita ta riƙe tukunyar. Kai kuma Kamal, ɗan'uwan Hadizatu, tunda kai ne babban namiji a gidan Garba, ka tattara ƙannenka a auna su, kafin a fara yi musu dariyar su ma.