Sabon Aski a Kujerar Gaba

A bas ɗin garin Matale, tsohuwa Dingiri Menike tana tsaye, tana hararar mutumin da ke kujerar da aka keɓe wa masu zuhudun addinin Buddha. Mayafinsa na zuhudu, ruwan goro, sabo ne fil, bai taɓa ganin wanki ba. Fatar kansa fara tas da sabon aski, fuskar kuwa rana ta dafa ta. Ga shatin zobe a yatsa. Wannan, in ji zuciyarta, wata mata ya gudo ya bari da 'ya'ya.

Sai ya miƙe zumbur.

"Zauna, Inna."

Yaushe mai mayafi ya fara tashi wa mutane?

"Koma, ranka ya daɗe," ta ce. "Kujerar ba taka ba ce balle ka yi kyauta da ita. Ta mayafin ce."