Tabo a Fuskar Rana

A shekarata ta biyu a jami'a darasin ilimin taurari ya kusa kayar da ni. Makina bai kai ba, kuma in na faɗi, burs ɗina ya tafi, kuɗin da gwamnati ke riƙe ni da shi. Malaminmu mutum ne mai tsauri amma ba mugu ba. Ya ce wanda ke son ƙarin maki ya ɗauki madubin hangen nesa ya tafi da shi hutu. Aikin shi ne ka sami tabo guda a fuskar rana, ka bi shi kullum da hantsi kana zanawa, tun daga gefen da ya ɓullo har gefen da zai ɓace. Ba a sa ido a madubin, sai dai a tara farar takarda a bayansa hoton rana ya faɗo kanta. Ya ce rabin aiki ba aiki ba ne.

Na kinkimo madubin har ƙauyenmu da ke bayan Dogarawa, a kan kabu-kabu, na rungume shi kamar jinjiri. Ban yi tunanin damina ba sai da na sauka, ni da nake taƙamar boko.

Sai na tarar ruwa ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganye ya fara naɗewa. Sama wasai, ko ƙyallin gajimare babu. Na kafa madubina a bayan rumbu, washegari na sami tabona, ɗan ɗigo baƙi kamar ƙwayar riɗi. Wallahi daɗi na ji, har da 'yar waƙa.

Inna na tankaɗe ta dube ni ta ce, "Duk garin ga kai kaɗai rana ka yi ma daɗi."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Duk safiyar da na ci riba, gonarmu ta yi asara. Baba kan dawo tun kafin azahar, don babu abin nomewa, ya jingine hauya ya zauna. Wata rana ya matso ya ce, "Mi kaka gani nan ciki?" Na nuna masa, na faɗa masa burs ɗina ya rataya a kan tabon nan. Ya tambayi saura nawa ya kai gefe. Na ce 'yan kwanaki. Ya riƙe mini takardar har na gama zane, hannunsa ko motsi.

Ranar da aka fita roƙon ruwa na bi sahu. Muka juya riguna bai-bai kamar yadda aka saba, muka tsaya a filin idi rana na dukanmu. Liman na addu'a, tsofaffi na hawaye, ni ma ina cewa amin. Amma amin ɗina ba shi da ƙarfi, kuma na san dalili. Haushin kaina ya kama ni, na haɗa da na malamin da ya ba ɗan manomi aikin rana a tsakiyar damina.

Tabon na dab da gefe hadari ya haɗo, da hantsi, daidai lokacin zanena. Na ja madubin zuwa zaure. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, mata na guɗa, ƙasa na ƙamshi. Ina tsaye ina kallo, farin ciki da baƙin ciki sun cakuɗe mini.

Sai ga Baba daga gona, jiƙe sharkaf. Na zaci zai shigo da hamdala. Ya dubi madubin, ya dube ni, ya ce, "Ka yi hanƙuri, ɗan nan. Ni da dare na roƙa a ba mu shi, a bar maka hantsi."

Ni da na tsaya a filin nan ina rowar amin, ashe mutumin da geronsa ke mutuwa yana gefena yana nema mini rana.

Sama ba ta buɗe ba sai da tabon ya wuce. Malam ya duba zanena ya yaba, ya ce bai cika ba, kuma gaskiyarsa. Burs ya tafi. Geron waccan damina Baba ya ɗora a amalanke ya kai kasuwar Konni, da shi na maimaita shekarar.